Gajimaren da ya faɗo a cocin kan dutse

Aikin cocin nan ya wahalar da ni fiye da duk aikin da na taɓa yi. Wata goma sha ɗaya ina tsaye kan katako, kai a ɗage, filasta na zubo mini a ido da baki. Har yau in na juya wuya sai ya yi ƙara. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don haka ba daɗin magana zan kawo ba. Abin da ya faru zan faɗa.

Ni mutumin Djougou ne, amma na daɗe a Ganou, cikin Parakou. Sana'ata filastar ado, wadda a nan ake ce wa sitaf. In kwaɓa farin gari, in zuba shi da zaren rama, in ya kama in ɗaga in liƙa a silin. Na yi gidajen manya, na yi otal, na yi masallatai.

Wata rana Fada, wato limamin wani coci da ake ginawa a kan dutse, bayan gari a hanyar Djougou, ya aiko a kira ni. Wurin ziyara ne. Duk shekara tsakiyar damina mutanensu kan taru a can, wasu ma a ƙafa suke zuwa. Ya buɗe mini wani ƙaton littafin hotuna na cocin da ya gani a Turai lokacin karatunsa, ya ce irin wannan gini barok ake kiransa. Na daɗe ina kallo. Ko faɗin tafin hannu ba su bari haka nan ba. Ginshiƙai a murɗe kamar igiyar guga, ganyaye na hawa kansu, gajimare ya taru a ƙubba har ka rasa inda bango ya ƙare. Jarirai masu kumatu da fikafikai suna leƙowa ta cikin gajimaren. Ko'ina ruwan zinari. Na ce a raina waɗannan mutane ba su san gajiya ba.

Ya ce, "Za ka iya?"

Na kira shi yadda ake kiran Fada a nan, na ce, "Mon père, ganye zan iya, gajimare zan iya, ginshiƙi zan murɗa maka shi. Fuska ce ba na yi. Addinina bai ba ni ba."

Ya yi dariya, ya ce fuskoki daga kudu za a kawo su. Muka shirya a kan haka.

Yayana da ke Djougou bai ji daɗi ba. Da na je gaishe shi ya ce, "An ce yanzu gumaka kake yi."

"Ganye ne, Yaya."

"Ganye a ɗakin wa?"

Amma duk da haka shi ya nemo mini aikin da zan shiga bayan na gama. Yana cin kasuwar Partago, dattawan wurin sun san shi, kuma suna gina sabon masallacin Juma'a. Ya sa baki suka yarda ni zan yi silin ɗin. Ya ce, "Da sunana na tsaya maka. Kada ka kunyata ni." Mu masu aikin hannu ba mu da takarda, ba mu da ofis. Sunanka kawai ake ji a kira ka.

Na yi aikin coci da zuciya ɗaya, Allah shaida ne. Gajimaren nan ba a zuba shi a abin zubi, da hannu ake gina shi a sama, kauri kan kauri, wani wurin ya kai tsawon yatsa biyu. In azahar ta yi in sauko, in wanke hannu, in yi salla a gindin mangwaro, in koma. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan a kan haka.

Matsalar daga shugaban kwamitin ginin ta fito, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da kowa ke kira Perezidan. Kullum da sanda a hannu, ba don ƙafa ba, don nuna abu. Kwana tara da gama ƙubba sai ga shi da masu fenti da gwangwanayen fentin mai, kalar zinari.

Na ce, "Perezidan, bai bushe ba."

"Ni fari tas nake gani."

"Fari ne a waje. Hau ka ɗora bayan hannunka."

Haka muke gwadawa. Ka ɗora bayan hannu ko kunci. In ka ji sanyi, akwai ruwa a ciki. Ranar nan gajimaren sanyi ƙalau kamar jikin randa. Ga damina, ga rufin kankaren da ke samansa shi ma sabo ne. Fentin mai kuwa in ka shafa, ka rufe wa ruwa hanyar fita ke nan, sai ya zauna ciki ya ci filastar.

Bai hau ba. Ya ce saura wata ɗaya ziyara, manyan baƙi za su zo.

Na ce, "Ku yi ziyarar bana da shi fari. In rani ya shigo ku shafa abin da kuke so."

"Fari? A littafin Mon père fari ka gani? Kai maçon ne, magini, ka gama naka, ka bar mana namu."

Na juya na kalli Fada. Ya san gaskiya nake faɗa, don ya taɓa hawa ya taɓa da kansa. Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da makullan mota. Wannan shirun ya fi maganar Perezidan ƙona mini rai.

Suka shafe komai. Ginshiƙai, ganyaye, ƙubba. Wuri ɗaya ya tsira, wani ɗan gajimare a saman ƙaramar ƙofar baya inda Fada ke sauya kaya. Fenti ya ƙare musu, suka ce ai ba mai ganin nan.

Ranar ziyara na je, don ina son in ga aikina da mutane a ƙarƙashinsa. A gindin mangwarona na tsaya. Cocin ya cika maƙil, kyandir ta ko'ina, zafi na fitowa ta ƙofa kamar bakin tanda. Ana cikin waƙa na ji ihu. Na kutsa ciki. Fentin ƙubba ya kumbura ƙuraje ƙuraje kamar fatar da ta ƙone, kuma wani yanki na gajimare mai girman faranti ya ɓalle ya faɗo. Ya goge kafaɗar wata tsohuwa. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai ta yi.

Perezidan ya hango ni. A gaban jama'a ya ɗaga sandar nan ya nuna ni, ya ce da Faransanci, "Ga shi nan. Mun ba wanda ba namu ba aikin ɗakin Allah, ya yi mana ha'inci."

Ha'inci! Ni da na bar wuyana a ƙubbar nan. Na ɗauki yankin da ya faɗo, na danna babban yatsa, ya shige kamar cikin tuwo. Na ɗaga ina cewa ku duba, ruwa ne, ku taɓa. Ba wanda ya taɓa. Fada yana tsaye cikin farar rigarsa, bai ce komai ba, karo na biyu. Na sa yankin a jaka na fita.

Ban kai ga sallar la'asar ba Yaya ya kira ni. Wani direba ya riga ya kai labari Partago.

"Dattawa sun ce a dakata. Sun ce silin ɗinka na faɗo wa mutane a ka."

"Yaya, fenti ne suka shafa a kan ɗanyen aiki."

"Ni zan je in faɗa musu fenti ne? Da wane baki? Na gaya maka tun farko ka bar wurin nan."

Ya kashe waya. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, ko ɓarɓashi bai taɓa faɗo wa kowa daga aikina ba. Mutum ɗaya da ya ƙi hawa tsani ya ɓata mini suna a garuruwa biyu cikin yini guda. 

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki guduma da jakar nan, na hau babur sai kan dutse. Na tarar da Fada da Perezidan a tsaye suna kallon ƙubba, mata na kankare kyandir a ƙasa. Ban gaishe su ba. Na ce su biyo ni. Na jingina tsani a ƙofar baya, na miƙa wa Perezidan guduma.

"Hau ka buga. Hannu ɗaya ne ya yi su, gari ɗaya, mako ɗaya. Wannan ne kawai ba ku shafa ba."

Ya ɓoye hannayensa a baya. Na hau da kaina, na buga sau uku da ƙarfina. Ya yi ƙara kamar tayil. Da ƙyar na ɓallo gefe ɗaya, fari, busasshe, gari na tashi. Na sauko na sa wa Fada a hannun dama, na sa masa jiƙaƙƙen a hagu.

Ya yi ƙasa da murya ya ba ni haƙuri, ya ce, "Pardon."

Na ce, "Mon père, jiya a gaban mutane aka zage ni. Ranar Lahadi ka faɗa a gaban mutane."

Na karɓe abina duka biyun, na mayar jaka. Na ajiye babur a gida, na wuce tasha, na shiga motar farko mai zuwa Djougou da jakar a kan cinyata. Daga can na nemi ta Partago, wajen dattawan masallaci.