Tukunyar Ramota Mai Baƙin Ciki

A gidan hayar da muke zaune a Kwaciri, ɗaki tara ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da ya manta aikinsa. Turmin da kowa ke daka a ciki na Ramota ne. Rariya tata ce. Babbar tukunyar dalma da ake dafa shinkafar suna tata ce. Har wuƙar yankan kuɓewa, in ka bi sawu, daga ɗakinta ta fito. Ba ta taɓa hana kowa aron komai ba.

A Fagge aka haife ta. Kakanta ne ya zo daga Ogbomosho da fataucin goro, ubanta ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa har ya tsufa. Hausar bakinta ta fi ta wasu masu taƙama da asali. Amma yau shekararta hamsin da takwas, in aka tashi kwatance, "Bayarbiyar nan ta gidan Hajiya Zulfa" ake cewa. Mijinta ya rasu. Ɗanta guda, Waliu, yana tuƙin mota a Legas. Dangin Ogbomosho ko ƙofar gidansu ba ta sani ba. Abin da ya zaunar da ita a gidan nan shekara ashirin da shida, ake ce mata Iya, ake miƙa mata jariri ta fara yi masa wanka, buɗaɗɗen hannunta ne. Ta san haka sarai. Ranar da aka ce mata marowaciya, ranar ta koma baƙuwa, kuma ba ta da wani gidan da za ta nufa.

Tana budurwa ta yi aikin girki a gidan wasu 'yan Labanan masu kanti a Kwari. Matar gidan tana da wata jar tukunya, ƙarfe ce mai nauyin tsiya, an lulluɓe ta da ruwan tangaran ciki da waje. Ramota ta ce miya ba ta kamu a cikinta, nama yana laushi da 'yar wuta kaɗan, in ka sauke da azahar, har la'asar da zafinta. Daga nan ta yi shekara talatin tana sayar da dafa-duka a bakin tasha, kullum tana kankare gindin dalma, kullum tana ba ni labarin jar tukunya kamar labarin wani saurayi da ya tafi bai dawo ba.

Bara Waliu ya aiko mata da kuɗi, wai ta sayi firiza ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ta ce, "Da wace wutar?" Ta leƙo ɗakina ta ce, "Maman Nu'uman, yafa gyalenki, raka ni Sabon Gari."

Kantin Nkechi muka je, wadda ake kira Maman Ebuka, a layin masu kayan kicin. Ta sa aka sauko da kwali biyu, ta buɗe. Tukwane biyu, duk ja, duk girma ɗaya.

"Iya, kala biyu ne," in ji Nkechi. "Wannan ta Chana ce, mai farin ciki. Wannan ta Faransa, mai baƙin ciki."

Na ce, "Maman Ebuka, wa zai ciro kuɗinsa ya sayi baƙin ciki? Ai kyauta ake raba shi a garin nan."

Ta yi dariya har da dafa kwali, sannan ta ɗaga murafen. Ɗaya cikinta fari, ɗaya baƙi wuluk. Nan na gane abin da take nufi.

Zan faɗi gaskiya a kan matar nan, domin abin da ya biyo baya. Ba ta tura wa Ramota mai tsada ba. Cewa ta yi, "Iya, ɗauki ta Chana. Kuɗin waccan zai saya miki wannan guda shida. Shekara uku, huɗu tana miki aiki, in ta ɓare ki dawo."

Ramota ba ta ko kalle ta ba. Ta ƙwanƙwasa ta Chana da bayan yatsa, ta ƙwanƙwasa ta Faransa, ta kara kunne. Ta shafa bakin murfin. Ta ce, "Ta gidan madam haka take kuka. Na gaji da abin shekara uku, Maman Ebuka. Komai nawa na shekara uku ne."

Sai Nkechi ta shiga lissafa mata dokoki da yatsu. Ba a ɗora ta a itace. Ba a sa mata cokalin ƙarfe. Ba a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Ba soson ƙarfe, ba toka, ba yashi.

"Baƙin nan ba datti ba ne, Iya, shi ne tukunyar. In kin kiyaye, jikanki zai ci abinci a ciki. Kuma kada ki ba da aro."

Ramota tana murmushi tun da muka shigo. A nan murmushin ya tsaya.

A cikin buhu muka shigo da ita gida, an naɗe da tsohon zani, kamar mun sato. Ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta sayi ƙaramar tukunyar gas, ta fara girkin kanta a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ni kaɗai take kira. Kuma wallahi ba ƙarya ta yi ba. Na ci wake daga tukunyar nan, na ci miyar ganda da ta narke kamar man shanu, ban ji ƙauri ko sau ɗaya ba. Masu tambaya ko irin wannan tukunya ta ci kuɗinta, ta ci mana. Amma waɗanda suka ƙera ta sun ƙera ta ne don matar da ke da kicin nata, da ƙofa, da mukulli, da bakin da zai iya cewa a'a. Ba wanda ya rubuta wannan a jikin kwalin.

A gidanmu ba a rufe ƙofa da rana. Labule ake saki. Ga zafin watan huɗu, ga ƙamshi yana fita ta taga, ga Iya a ƙulle tana zufa.

"Iya, lafiya kika garƙame?"

"Mura nake yi."

Mura ta yi sati uku. Daga nan magana ta canza. Wai me take dafawa da ba ta son a gani? Wai ai su can wajensu an san su da haɗe-haɗe. Matar da Ramota ta karɓi haihuwarta har sau biyu, a gabana ta fizge tsokar nama daga hannun 'yarta ta jefa wa kaji, don kawai daga ɗakin Iya ta fito. Shekara ashirin da shida, sati uku ya isa ya goge su. Abin ya ƙona min rai, na ce zan fita in wanke su tas. Ramota ta ce a'a. Washegari da safe ta ɗaga labule, ta rungumo tukunyar, ta dire ta a tsakar gida.

Aka taru. Hajiya Zulfa, mai gidan, ta gwada ɗagawa ta kasa.

"Kai! Wannan ai sai ƙarti biyu. Ashe dukiya kike ɓoye mana, Iya. Mu nan muna ta zargin banza."

Aka yi dariya, aka tafa, aka yafi juna. Ramota ma ta yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga yadda Hajiya ke shafa jan murfin nan.

Ba a yi wata biyu ba 'yar Hajiya ta haihu, ta zo gida wankan jego. Dangin mijin masu hali ne, daga Nasarawa za su zo. Ana gobe suna Hajiya ta tsaya a tsakar gida, inda kowa zai ji.

"Iya, jar tukunyarki zan ara. A ciki za a yi wa surukai farfesu, a kai musu da ita."

Ramota ta fito tana goge hannu. Ta ce, "Hajiya, ita tukunyar nan tana da 'yan ƙa'idoji. Ba a sa ta a itace, kuma cikinta..."

"To Malama, karatun tukunya za ki koya min? Shekara arba'in ina girki. In ba za ki bayar ba, ki ce ba za ki bayar ba, ba sai kin yi min wa'azi ba."

Mai daka ta tsayar da taɓarya. Mai wanki ta ɗago. Kowa yana jira ya ji ko Iya za ta faɗi kalmar da ba ta taɓa faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko.

Ranar suna aka ba Ramota aikin shinkafa a ƙofar gida, ita da babbar dalmarta. Jar tukunya ta faɗa hannun ƙannen Hajiya uku da suka zo taya aiki. Suka ɗora ta a murhu, suka danna mata itace kamar za su dafa ƙafar sa, suka yi ta juyawa da ludayin ƙarfe. Surukai suka ci suka yaba. Da aka dawo da ita aka mayar kan wuta don ɗumama saura, aka kwashe, aka manta da ita a kai. Sai wata ta gani, ta ɗebo ruwan randa ta sheƙa mata. Ina tsaye na ji ƙarar. Ƙas! Kamar an taka kwalba.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma mu ba ma mayar da tukunyar aro da datti. Abin kunya ne. Sai ta fi yadda ta zo haske, a san ka san darajar mai ita. Washegari Ramota ta tafi tasha da abincinta, ni na tafi dubiya. Matan nan uku suka zauna tun hantsi har azahar, da yashi, da toka, da soson ƙarfe, da guntun dutse. Da yamma suka kawo mata har ɗaki, da kwanon naman suna a kai.

"Iya, ga tukunyarki, mun gode. Wallahi mun sha wuya, dubi hannuna. Amma mun kusa raba ki da baƙin cikin nan. Saura ɗan gefe-gefe."

Ramota ta ɗaga murfi. Cikin ya zama toka-toka, duk ya ɓaɓɓare, ƙarfe tsirara. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sannunku da aiki. Allah ya raya."

Kwana uku tsatsa ta cinye cikin, ja kamar ƙasar bulo. Wata ta leƙa ta gani, ta kwarma ihu. "An cuci Iya! Jabu aka sayar mata!" Kafin a jima Hajiya ta fito da mayafi a kafaɗa.

"Ba za a cuci 'yar gidana ina raye ba. Tashi, Iya, mu je wajen matar nan."

'Yar gidana. Tun da nake ban taɓa jin ta kira ta haka ba. Na ja Ramota gefe na ce, "Iya, ki faɗa musu gaskiya tun a nan. Matar nan ba ta yi miki komai ba." Ta ce, "In ce musu me? In ce ladabin da suka yi min shi ne ɓarna?"

Mu shida muka tafi, a adaidaita biyu, da Hajiya da ƙannenta. Tun daga bakin layi Hajiya ta fara. Macuciya, 'yar damfara, kin ga tsohuwa kin ɗora mata gwangwani. 'Yan kasuwa suka bar kantunansu suka kewaye mu. Nkechi ta miƙo hannu. Ta karɓi tukunyar ta ɗora a tebur, ta buɗe, ta zura yatsa ta shafa. Ta juya ta, ta ga baƙin hayaƙin itace a gindi.

Ta ce, "Tukunyar nan ba jabu ba ce. Kashe ta aka yi. Baƙin da ke ciki shi ne tukunyar, an kankare shi da yashi. Wa ya wanke ta?"

Ƙannen Hajiya suka fara gyaran mayafi. Ɗaya ta tura hannunta da ya sha soso cikin hijabi. Na kalli Hajiya, na ga ta gane, na kuma ga abin da ke zuwa. In aka ce a tsakiyar kasuwar Sabon Gari danginta sun lalata kayan 'yar haya, sannan ta kwaso jiki ta zo zagin wadda ba ta da laifi, ba Nkechi za ta riƙe a zuciya ba. Ramota, wadda ta jawo mata, ita za ta riƙe.

"Iya," in ji Nkechi, a hankali. "Wa ya wanke ta?"

"Ni ce."

"Ke?"

"Ni ce, Maman Ebuka. Tsufa. Na manta abin da kika ce. Ki yi haƙuri da surutun da aka yi miki."

Nkechi ta kalle ta, ta kalli matan, ta sake kallonta. Ta mayar da murfin. Ta ce, "To, Iya. Sannu."

Sai ga Hajiya ta samu baki. "To kin ji! Ke ma Iya da garaje. Kin ɓata abinki da hannunki, kin bar mu muna ta zubar da mutunci a kasuwa. Ai sai ki faɗa tun a gida." Ƙannenta suka ce wallahi kuwa. Dukkansu sun sani. Ba wadda ba ta sani ba. Hajiya ta dafa kafaɗar Ramota ta ce ba komai, ai an zama ɗaya, gaba ta riƙa shawara kafin ta sayi abin da ya fi ƙarfinta.

Jinina ya hau. Na buɗe baki zan fasa kowa ya ji. Ramota ta damƙe min wuyan hannu, damƙar mai tuƙa tuwon mutum hamsin. Ba ta kalle ni ba, tukunyar take kallo.

Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Maman Nu'uman, ke in an ba ki notis ki tashi, kina da gidan ubanki."

Na rufe bakina. Ta kama kunnen tukunyar ɗaya, na kama ɗaya, muka bi bayan Hajiya zuwa bakin titi.