Yaya Bawa bai ga ranar da fetur ya zama kuɗin fansa ba

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Bawa makwancinsa a Talata Mafara. Ciwon ƙoda ne ajalinsa, ya cika a kan gadonsa muna kewaye da shi. A lokacin kukanmu shi ne ya tafi da wuri. Yanzu nakan tsorata da kaina idan na ji zuciyata tana cewa Allah ne ya rufa masa asiri.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shinkafa yake nomawa a Bakolori, kuma daga nan har Bakura duk wanda injin ban ruwansa ya ƙi tashi, shi yake nema. Babban amininsa Malam Isufu ne, mutumin Ƙonni a Nijar, mai injin casar shinkafa. Shinkafar Yaya can take tafiya, wutar da ke juya injin kuma daga ƙasarmu ake tura ta. Yaya kan tsokane shi, wai ranar da ya ɓata masa rai zai hau falwaya ya cire wayar. Da Malam Isufu ya sami ɗa namiji, sunan Yaya ya sa masa.

Me Yaya zai ce da ya ga wasan nan ya tabbata? Soja suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, aka yanke wutar. Injin ya tsaya. A nan kuma 'yan bindiga suka riƙe daji, hanyar Maradun ta zama sai da addu'a. Na ga shinkafa ta bushe a gona, ga ruwa kusa, babu man da za a zuba wa inji.

Watan jiya Malam Isufu ya yi mini sallama. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Muka daɗe muna gaisawa, ya amsa lafiyar kowa, har na tambayi takwaran Yaya. Sai ya kwashe labari ya faɗa mini.

Ashe da casa ta tsaya, ɗan nasa Bawa, mai mata da 'ya'ya biyu, ya koma ɗaukar fetur a jarka bisa babur, yana bi ta daji yana tsallaka iyaka da shi. Can 'yan bindiga suka kama shi. Ba su nemi kuɗi ba. Mai suka ce a kai musu, don babu babur ɗinsu da zai motsa sai da shi. Malam Isufu ya sayar da injinsa, ya sayi man, ya kai da kansa. Suka karɓa, suka ce ya koma gida ya jira. Daga baya wani da ya kuɓuto ya shaida masa cewa tun kafin man ya isa sun kashe Bawa.



"Ƙanena," in ji shi, "mutuwa tai na barma Allah. Abin da ka hana ni kwana, wane gari sunka shiga da man da ni kai musu?"



Ya roƙi in raka shi maƙabarta. Ya tsuguna gefen kabarin Yaya, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Bawa, ban riƙe maka takwaranka ba."

Da muka dawo, Inna Hajo, matar marigayi Yaya, ta ji labarin daga bayan ƙyaure. Ba ta shawarci kowa ba. Ta ce ɗakin maigidanta a rufe yake tun rasuwarsa, a kawo matar takwaran nasa da yaran.

Injinan da Yaya ya gyara yawancinsu sun yi tsatsa, gonarsa ma bana rabi muka iya shukawa. Abin da ya rage nasa shi ne wannan: yara biyu 'yan wata ƙasa suna cin tuwo a tsakar gidansa, kuma babu wanda ya taɓa kiran su baƙi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan takwaransa.