Tabon Allura a Hannun Anti Raliat

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Anti Raliat Azeez take sauka daga adaidaita sahu a ƙofar ɗakin gwaje-gwajenmu da ke Fagge. Daga Kwaciri take zuwa, unguwar da aka haife ta, inda kakanta ya sauka daga ƙasar Yarbawa tun kafin a haifi iyayen yawancinmu. Idan ta shigo ba ta gaida kowa. Firji take nufa kai tsaye, ta duba ma'aunin sanyi, ta rubuta lambar a takardar da ke manne a murfin, sannan ta juyo ta ce, "To, ina kwananku?" Sababbin ma'aikata kan ɗauka girman kai ne. Ni ma haka na ɗauka, Allah Ya yafe mini.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, bayan shekara ashirin a kan wannan teburi. Ni Dokta Khalifa, da na yi goma sha ɗaya daga ciki tare da ita, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Abin da take gadi a firjin nan wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba. A cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, waɗanda muke ce wa sojojin jiki. Wasu daga cikinsu suna da wata alama a bayansu da ake kira CD4, kuma su ne cutar ƙanjamau ta fi kashewa. Ruwan cikin kwalbar, wanda muke kira antibodi, an haɗa shi ne ya kama wannan alama ita kaɗai, ya sa ƙwayar ta yi haske, na'ura ta ƙirga. Mai lafiya yakan sami ɗari biyar zuwa sama. Wanda ya faɗo ƙasa da ɗari biyu yana cikin haɗari. Da wannan lamba muke binciken ko magani yana yi wa mutanenmu aiki, da ita kuma mutum yake komawa gida ko da murna ko da kuka.

Anti Raliat tana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi mata tsiya a kai. Duk sabuwar kwalbar da ta iso, ba ta yarda ta taɓa jinin majiyyaci sai ta fara gwada ta a jinin mai lafiya. Kuma ba ta roƙon kowa. Hannun rigarta na hagu take naɗewa, a ɗebi nata. Ta san lambarta kamar yadda ta san lambar wayarta: ɗari tara da 'yan kai. Mukan ce, "Anti, wata rana jininki zai ƙare a ɗakin gwajin nan." Sai ta ce, "Ku dai ku sayo mini zoɓo."

Masu kifi a kasuwar Sabon Gari ma sun san ta. Lokacin da wuta ta yi kwana huɗu ba ta zo ba, janaretanmu kuma ya ƙi tashi, ita ce ta riƙa zuwa da kula tana karɓar ƙanƙara a wurinsu. Tana naɗe kwalbar da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar, tana cewa, "Sanyi take so, ba daskarewa ba." Na ji wannan magana da kunnena, amma ashe ba ta shiga ba.

Shekara shida da suka wuce ta tafi bikin 'yar ƙanenta, kwana biyar. A bayanta sabuwar kwalba ta iso, ni na karɓa. Ana zafi irin na watan Afrilu, wuta kuma na zuwa tana ɗaukewa. Sai na yi dabara irin ta mai digiri: na ce firiza ta fi firji sanyi, bari in saka ta can. Ta daskare, ta narke, ta sake daskarewa. Ranar Juma'a na ɗauko na yi gwajin mutum goma sha biyu, ban gwada ta a jinin mai lafiya ba, don a ganina wannan camfin Anti ne.

Sakamakon farko da na bayar na Madam Amarachi ne, mai shagon atamfa a Sabon Gari, wadda ta yarje mini in ambaci sunanta. Shekara bakwai tana shan magani ba fashi. Na dube ta na ce lambarta ta faɗo sittin da huɗu, da alama maganin ya daina aiki. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar ta ce, "Dokta, na gode. Gara in je in mutu a gaban uwata."

Ranar Litinin Anti ta dawo. Ta duba firji, ta gaishe mu, ta ɗauki takardun sakamakon. Ta daɗe tana kallonsu.

"Mutum goma sha biyu, duk suka faɗi rana ɗaya?" Ta naɗe hannun riga. Da na'ura ta gama ƙirga nata jinin, sai ga saba'in da ɗaya.

"Likita, in wannan gaskiya ne, ni ma yau gado za ku ba ni. Ina ka ajiye kwalbar nan?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na nuna firiza da hannu. Ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Wa ka riga ka faɗa wa?" Na ce Amarachi. Muka kira wayarta, a kashe. Na ce to a jira ranar da za ta dawo asibiti. Anti ta ɗauki mayafinta ta ce, "Wadda aka ce wa za ta mutu ba ta dawowa asibiti. Tashi mu je. Kai ka faɗa mata, kai za ka janye."

Mun tarar da shagon a rufe. Maƙwabciyarta ta ce ta raba kayan, ta cire 'yarta Peace daga makaranta, sun tafi tasha. A can muka same su a kan benci, da buhuna biyu a gabansu, ana lodin motar Gabas mai zuwa garinsu. Na tsaya a gabanta na ce, "Madam, kuskurena ne. Na lalata ruwan gwajin." Ta dube ni ba ta yarda ba, ta ɗauka lallashi ne. Sai Anti ta zauna kusa da ita, ta miƙa mata takarda, ta nuna mata audugar da ke manne a hannunta. "Ga nawa, 'yar'uwa. Saba'in da ɗaya. Kin ga na yi kama da mai mutuwa?"

Amarachi ta kalli takardar, ta kalli Anti, sai a lokacin ta fashe da kuka. Washegari, da kwalbar da Anti ta aro daga wani ɗakin gwaji, lambarta ta fito ɗari biyar da tamanin. Bana Peace ta shiga makarantar koyon aikin jinya.

Anti Raliat, ke ce kika hana motar nan tafiya da su. Ke ce mai gadin 'yar kwalba, wadda sunanta bai taɓa fitowa a saman takardun binciken da muka buga ba, alhali babu lamba ɗaya a ciki da ba ta bi ta hannunki ba. Kin rufa mini asiri shekara shida, yau ni na tona da kaina, don ban san wata hanyar da mutane za su gane girmanki ba. Na gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya.

Ku kuma da ke aiki a wurin da ba a ganinku, a ɗakin gwaji ne ko a wani wuri, kada ku tsallake matakin da kuke ganin ɓata lokaci ne. Akwai mutum a zaune a benci yana jiran abin da za ku rubuta.

Shekaranjiya wata sabuwar kwalba ta iso. Anti ta kai hannu za ta naɗe rigarta kamar kullum, na ga tabon allurai jere a lanƙwasar hannunta. Na ce, "Anti, ya isa haka." Na zauna a kujerarta, na naɗe hannun rigata. Ta ɗaura mini roba, ta laluba jijiya, ta ce, "Riƙe lambarka da kyau, Likita. Daga yau da ita za a riƙa gwadawa."

Ɗari takwas da arba'in. Na haddace.