Ranar da Aka Ɗauke Ni a Makara

Ni da gawa na fara wasan kwaikwayo, kuma ba don ina so ba.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, kowane saurayi a Gombe yana da rediyo ko yana shirin saye. Ni ina aikin awon auduga, kullum in dawo gida har gashin idona fari fat. Abin da nake so a duniya shi ne in hau dandamali mutane su yi shiru domina. Akwai wata ƙungiya da ke gwaji a ajin firamare a unguwar Herwagana, shugabanta malamin makaranta ne, ɗan ƙabilar Tangale, kowa Tica yake ce masa. Sau uku ina zuwa ranar ɗaukar sababbin 'yan wasa, sau uku yana sallamata. Ina da in'ina, da na ga idanu a kaina kuwa sai ta ninku.

Mahaifina bai san ina zuwa ba. Tela ne a unguwar Dawaki, ba mai yawan magana ba, yana ɗingishi da ƙafar hagu tun wani haɗarin mota. Bai taɓa ɗaukar wasan kwaikwayo a bakin komai ba.

A zuwana na huɗu na tarar suna shirya wasa a kan amai da gudawa da ruwan rijiya, kuma suna neman wanda zai fito a gawa. Kowa ya noƙe. Wanda ya fara karɓa, uwarsa ce ta zo har ajin ta tasa ƙeyarsa gida.

Tica ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ba ka iya magana, ga wanda babu magana. Daga nan zuwa ɗakin taro za su ɗauke ka. In ka motsa ko yatsa, kada in sake ganinka."

Ya hau kekensa ya yi gaba, wai zai jira mu a can.

Makarar ta gaske ce. Wani daga cikinmu ne ya aro ta a masallacin unguwarsu da sunan zai gyara igiyoyinta. Suka naɗe ni da farin alawayyo, suka ɗaure kai da ƙafa, suna ta tsokanata wai in gaida mutanen can. Tabarmar da ke kan makarar ta riga ta lotsa a inda kai ke sauka da inda dugadugai ke sauka. Da na kwanta sai na ji ta yi mini daidai, kamar an gwada. Tana warin turare da tsohuwar ƙasa. A nan na fara jin tsoro.

Bayan la'asar ne, rana na ratsa ƙyallen ta gefen damana. Samari huɗu suka ɗauke ni suna dariya. Muna hawa titi dariyar ta ɗauke. Na ji wani babur ya tsaya. Wani ya kashe rediyonsa ana tsakiyar waƙa. Sai takun takalma, da fari kaɗan, can sai ya yi yawa har na kasa ƙirgawa, kuma babu mai magana.

Tica bai san al'adar nan ba, mu kuwa da muka tashi a cikinta ƙuruciya ta mantar da mu. In makara ta wuce, maza tashi suke su bi, kowa ya sa kafaɗa ya ɗan taka ya ba wani. Dattijo in ya miƙo kafaɗarsa, wane yaro ne zai hana shi? Ɗaya bayan ɗaya aka karɓe ni daga hannun abokaina. Daga baya suka ce sun yi ta ƙoƙarin magana, kunya da tsoro suka hana su, har aka tura su can baya.

Tafiyar ta ƙara sauri. Sai hasken ranar ya bar damana ya koma wajen ƙafafuna. Na gane an bar hanyar ɗakin taro, an nufi maƙabarta.

An sha tambayata me ya hana ni motsi. Na kan ce na zaci duk cikin gwajin ne. Gaskiyar ita ce akwai taurin kai, akwai kuma abin da ya fi shi muni: daɗi na ji. Ban taɓa samun mutane da yawa haka sun yi shiru saboda ni ba. Wani tsoho yana yi mini addu'a da Fillanci daidai kunnena, ni kuwa ina riƙe numfashi don kada in ɓata wasan.

Sai aka sake canjin hannu, kusurwar da kaina yake ta fara sauka tana tashi, sauka tana tashi. Na san wannan takun. A kansa aka goya ni zuwa asibiti ina ƙarami.

"Wa ya rasu?" in ji mahaifina, a hankali.

Wani ya ce, "Wallahi ba mu sani ba, Malam. Yaro ne dai, ba shi da nauyi."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Allah ya ba iyayensa haƙuri."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. In'inar ta riƙe ni sau uku kafin kalmar ta fita. "Ba, Ba, Baba. Ni ne."

Kusurwa uku suka faɗi ƙasa lokaci ɗaya. Na ji gudu da salati ta ko'ina. Kusurwa ɗaya ce ba a saki ba. Ya sauke ta a hankali, ya durƙusa ya kwance ɗaurin kan, ya yaye ƙyallen. Ya daɗe yana kallona, fuskarsa babu fushi babu murna. Ya sa bayan hannunsa a wuyana.

"Tashi ka mayar wa mutane makararsu," ya ce. Ya juya ya tafi.

Washegari Tica ya zo har shago ya durƙusa ya ba da haƙuri, mahaifina ya ce ba komai. Aka ba ni matsayin. Na mutu a ɗakin taro, na mutu a makarantu da ƙauyuka har na gaji, daga baya aka fara ba ni magana, na kuma gano in ina faɗin kalaman wani ba na in'ina.

Mahaifina bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba, bai kuma hana ni wasa ba. Amma a ranar da abin ya faru, da aka kawo tuwo zaure, inda muka saba ci tare tun ina yaye, sai na ga mahaifiyata ta aiko da kwano biyu. Na zaci na kwana biyu ne. Ya yi shekara goma sha wani abu a duniya bayan nan, yana ɗinka mini rigar salla, yana amsa gaisuwata da sakin fuska, amma bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni ba.