Rimot Ɗin Ƙofarmu

Har yau ban manta safiyar nan ba. Ina ofis maƙwabciyata ta kira ni tana kuka, wai Mama ta fita. Mama surukarta ce, tsohuwa mai ciwon mantuwa, kuma saboda ita suka sa ƙofar gida mai rimot, don kada ta fice ta ɓata. Mu ma da muka gani muka yi sha'awa, muka kira mai gyaran da ya yi musu, ya sa mana irinta a gidanmu na Doka.

Na baro aiki na dawo a guje. Ina isowa layinmu na danna rimot ɗina, sai ga ƙofa biyu suna buɗewa tare, tawa da tasu. Na yi salati. Na sake dannawa, suka rufe tare. Maƙwabciyata na tsaye tana kallo, ta dafe ƙirji.

Mijinta ya tafi nema, ni kuma na kira mai gyaran, ya zo yana ta fara'arsa. Ya buɗe rimot ɗin ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso. Ya ce sunansa inkoda, shi ke aika wa ƙofa lambar sirri, kuma da waɗannan ƙafafun ake ba kowane gida tasa lambar. Akwai ma irin da ke canja lamba duk dannawa, amma shi bai zaɓe shi ba.

Na ce, "To me ya sa tamu ta zama ɗaya?"

"Hajiya, ai da gangan na yi. Maƙwabta ne ku. In naki ya ɓata sai ki ari na Madam, kamar yadda kuke aron tsani."

Mutumin nan jira yake a gode masa!

Da la'asar aka sami Mama a tashar Kawo, ba takalmi, tana roƙon direbobi su kai ta ƙauyensu wurin mijinta, wanda ya daɗe da rasuwa. Da aka dawo da ita gida, ina wanke mata ƙafafu da ruwan ɗumi, duk sun farfashe, ta kalle ni ta yi murmushi.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kullum ke kike buɗe mini, yau dai na samu na fita."