Tozon da Na Taɓa

Shekarar da aka cika Maiduguri da 'yan gudun hijira daga bakin tabki, wata ƙungiya ta zo Kasuwar Shanu neman wanda ya san shanun Kuri. Farare ne, masu ƙaho kamar tulu, ba su da tozo, kuma suna ƙarewa. Dillalai suka nuna ni, don tun ina talla da igiya a kafaɗa nake sayen su.

Aikina ɗaya ne. In shafa dabba, in ce tsantsa ce ko ruwa biyu. Tsantsa a maƙala mata lamba a kunne, a riƙa ba ta dusa da harawa da allura kyauta. Ruwa biyu kuwa, mai ita ya san yadda zai yi.

A unguwar Ajilari muka sami wani tsoho da bajimi ɗaya ɗaure a gindin dalbejiya, haƙarƙarinsa duk a waje. Cikin garkensa shi kaɗai ya rage. Ya ce ranar da suka gudu daga tsibiri, jelar wannan sa ya riƙe har suka haye ruwa.

Likitar ƙungiyar ta ga ƙahon ta fara ɗaukar hoto. Har ta ciro lamba. Ni kuwa na ɗora tafi a bayan wuyansa, na ji ɗan tudu, bai fi dunƙulen hannu ba.

Tsohon ya ga inda hannuna ya tsaya.

"Ɗana," ya ce a hankali, "rama ce. Ƙashi ne ka taɓa."

"Baba, ƙashi ba ya motsi."

"Alhaji, mene ne?" in ji likita.

Da na yi shiru ba wanda zai sani. Amma bajimi ne, za a kai shi barbara, 'ya'yansa su fito da tozo, a ce wane ne ya duba. Idona nake ci da shi a kasuwar nan.

"Kakarsa saniyar Shuwa ce, mai tozo," na ce.

Ta mayar da lambar jaka. Ta ba tsohon haƙuri da Hausarta ta makaranta, ta ce dokar aiki ce. Buhunan dusa suna bayan mota, yana kallon su muka juya.

Bayan sati uku ya aiko a kira ni, don ni kaɗai ya sani a kasuwa. Bajimin ba ya iya tashi sai an ɗaga jela. Na saya, na tura wa mahauci a Mafoni.

Tsohon ya biyo mu a ƙafa har kwata, da bokiti. Ya roƙi a bari ya shayar da shi tukuna, wai dabbar ruwa ce, kada ta tafi da ƙishi.

Mahaucin ya yi dariya. "Baba, ni zan wanke tumbin ko kai? Matsa, layi ne."

Tsohon ya dube ni. Na ce masa mahauci ya fi ni gaskiya, don bajimin ba nawa ba ne yanzu. Ya tsaya riƙe da bokitin har aka gama.