Heluman da ya ɗauki kwanon sarki

A daminar nan abokina Vandi ya cika shekara goma a ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa har yau in na ji ƙarar shebur a kan tsakuwa sai in waiwaya kamar zan gan shi. Ni magini ne, iyayena daga Katsina suka zo Mubi. Shi mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, kuma shi ne heluma, wato shugaban leburorin da muke aikin hanya da su. Ban saba rubutu a jarida ba. Abin da na gani makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Wanda ya taɓa aikin gini ya san kwanon sarki, kwanon ƙarfen nan da ake cikawa da kankare a ɗora wa lebura a ka. A al'adar aiki heluma ba ya taɓa shi. Nasa usur ne da tsawa da inuwar bishiya. Vandi kuwa gammo yake yawo da shi a aljihu. Ranar da na fara ganinsa da kwano a ka na ce masa, "Haba abokina, kai da kake heluma?" Ya yi dariya ya ce da Hausarsa ta dutse, "Kwano na sarki ne, ko? To a nan wane ne sarki? Kawo kayana." Muka yi ta yi masa tsiya, har muka sa masa Sarkin Kwano, bai ko ji haushi ba.

Lokacin kuwa ana cikin zafin ƙuri'ar nan ta ko a bi Najeriya ko a bi Kamaru, leburori sun rabu har wasu ba sa gaisawa. Vandi bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya san cikakken kwano mutum ɗaya ba ya iya kai shi ka, sai an taya shi, don haka ya riƙa haɗa masu gabar su ɗora wa juna. Da wuya ka ci gaba da fushi da wanda ke riƙe da rabin nauyinka.

Akwai wani lebura, Zira, wanda wuyansa ya gurɗe muna aikin gada a kan wani mayo, wato kogi, a hanyar Muchalla. Babban mai duba aiki ya ce a sallame shi. Vandi ya mai da Zira wurin kwaɓa siminti, shi ya shiga layinsa, yana ɗaukar kason Zira yana kuma kula da aiki, har ruwa ya sauka muka tashi. Wuyan bai taɓa warkewa sosai ba, amma Zira ya ci gaba da ciyar da gidansa. Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya kwantar da Vandi, bai tashi ba.

Yau an gama yaƙin basasa, aiki ya koma hannun 'yan kwangila, hanyoyi sai buɗewa suke yi. Ina tambayar kaina ko me Vandi zai ce da ya ga heluman yanzu, da laima da tabarau, yana nuna aiki da baki don kada hannu ya yi ƙura. Ina jin gammo kawai zai nema. Ina kuma jin kafin la'asar za a kore shi, a ce yana ɓata wa sauran shugabanni tsari.

Makon jiya Zira ya same ni a gida, ya tsufa, kansa a karkace. Ya ce an sallame shi, wai in ba zai ɗauki kwano ba babu wurinsa. Na tambayi wane ne heluman, ya sunkuyar da kai ya ce Ishaya ne, ɗan Vandi na fari, yaron da na ɗauka a kafaɗata.

Na je na sami Ishaya a bakin aiki. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Baba, in na bar shi, gobe ni za a sallama, ƙannena kuma ni suke kallo. Babana ya ɗauki kayan kowa, da ya mutu wa ya ɗauki namu?" Wallahi na so in yi fushi da yaron nan, na kasa, domin ban ga ƙarya a maganarsa ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da nakan ce halin kirki gado ne, yana bin jini ko yana bin wurin aiki. Yanzu ban sani ba. Abin da ya rage na Vandi, in na auna da gaskiya, tsofaffi biyu ne da ke tuna yadda ya yi. Ɗaya shi ne mai wannan rubutu. Ɗayan na raka shi tasha ranar Asabar zai koma dutse, tabarmarsa a hammata, don wuyan ba ya iya ɗaukar ko ita.